Shafin da Maman Bene Ta Tsallake

Teburin Maman Bene rawa yake yi. Duk wanda ya taɓa kai mata bugun takarda a unguwar Daɗin Kowa ta Jos ya san da haka. Gara ce ta cinye ƙafarsa ta gaba ta hagu daga ƙasa, ta rage mata tsawo kamar faɗin yatsu biyu, don haka in za ta fara aiki sai ta tokare shi da gwiwa. Tana bugu, kwamfuta na gyaɗa kai, kofin shayi na gyaɗa kai, kai ma da ka kawo takarda sai ka tsinci kanka kana gyaɗawa. Masu shisshigi sun sha cusa kwali a ƙarƙashin ƙafar in ta juya baya. Tana dawowa sai ta shure shi waje ba tare da ta ko kalli mai aikin ba. Kafintoci kuwa har sun gaji da yi mata tayi. Amsarta ɗaya ce kullum: “Bene ya je Katako sayo ƙafa. Bari ya dawo.”

Bene ɗanta ne, Benedict. Ya fita zuwa kasuwar Katako da hantsin ranar Juma'a, bakwai ga Satumba, 2001, da zaren awo a aljihu, yana ɗan shekara goma sha bakwai. Da azahar ɗin ranar garin Jos ya hargitse. Ba a ga Bene ba, ba a ga gawarsa ba, ba a ga ko takalminsa ba. Ranar da na fara shiga shagon uwarsa saura kaɗan ya cika shekara uku a hanya, ita kuwa har lokacin jiransa take yi, irin jiran uwar da ta aiki yaro kasuwa ya tsaya kallon ƙwallo.

Firisila Pwajok aka rubuta a allon shagon, amma ban taɓa jin wanda ya kira ta da shi ba. An haife ta a barikin kuza can wajen Bukuru, inda ubanta ke wuni tsaye cikin ruwa yana wankin kuza har tafin ƙafarsa ya yi fari. Ta ce mini abin da ta fara so a duniya ba mutum ba ne, ƙara ce: ƙarar tafiretar akawun kamfani, da take jiyowa ta taga in an aike ta kai wa ubanta abinci. Kamar ƙanƙara a kan rufin kwano, in ji ta. Sai ta tsaya da langar gwate a ka har ya huce, tsoho na can yana haɗiyar yawu. Ta sha duka ba ta daina ba. A ƙarshe akawun ya gaji da ganin ƙoƙon kai a tagarsa, ya kira ta ciki ya nuna mata inda ake ɗora yatsu.

Shekara goma sha ɗaya ta yi wa kamfanin bugu. Da kasuwar kuza ta faɗi, masu kamfani suka naɗe tabarmarsu, suka bar wa gari ramuka cike da koren ruwa, ita kuma ta fito da tsohuwar tafireta a ka. Mijinta Pwajok, ma'aikacin reluwe, shi ya haɗa mata teburin nan da hannunsa, ta kafa shi a gindin wani mangwaro a bakin kotu. Babu abin da bai bi ta kansa ba: takardar rantsuwa, takardar neman aiki, wasiƙar uwa zuwa ga ɗanta soja, waƙoƙin coci na Hausa, da takardun tsarin jana'iza waɗanda ba su ƙirguwa. Mijin ya rasu Bene na da shekara shida. Yaron a ƙarƙashin teburin ya girma; in an taso daga makaranta nan yake shigewa ya yi barci, uwar na zuba masa ƙanƙara a ka.

Bayan rikicin, 'yarta Chundung, wadda ke aikin jinya, ta matsa mata suka bar gidansu na Jos Jarawa suka koma Daɗin Kowa, ta saya mata tsohuwar kwamfuta. Maman Bene ta yarda da ƙaura, amma sai da ta buga sanarwa ta naɗe da leda ta manna a ƙofar tsohon gidan: “Bene, mun koma Daɗin Kowa. Ka tambayi shagon bugu kusa da mai dankali.” Duk farkon damina take zuwa ta sauya sabuwa. Kuma ta kafa doka biyu a gidanta. Ba a yi wa Bene kuka, don ba a yi wa mai rai kuka. Ba za a ɗaura wa Chundung aure ba, duk da saurayinta Fredrick ya kai kaya tun kafin rikicin, sai Bene ya dawo ya riƙe hannun yayarsa ya kai ta gaban fasto, tunda ubansu ba ya raye. Chundung ta haɗiye hawayenta ta ninke farar rigarta ta sa a akwati.

To ni fa, me ya kai ni can? Sunana Madina, 'yar Malam Haladu mai sayar da katako a Katako. Abin da ya ci Doma bai bar Awe ba: a cikin makon rikicin nan ne muka rasa yayana Abdulfatah. Mu dai an kawo mana namu a kwana na uku. Ina da shekara goma sha shida lokacin, kuma daga ranar bakina ya mutu. Sai karatun littattafan haya, ɗaya bayan ɗaya, ina neman wanda zai faɗi abin da ke ƙirjina. Ban samu ba. A cikinsu mutum zai mutu a layi biyu, a layi na uku an yi sadakar arba'in, a na huɗu jaruma ta yi kwalliya ta fita zance. Haushi ya sa na ɗauki biro. Kafin in cika sha tara na cika littattafan rubutu biyar da labarin wata yarinya Ummi da yayanta Badruddeen, na sa masa suna Rigar Yaya.

Akwai shafi ɗaya a ciki da ba a jikin littattafan yake ba. Shi ne shafin da aka kawo gawar Badruddeen gida. Na rubuta shi a zama ɗaya, a kan takardar da na yago daga tsakiya, na maƙale shi da fil a ƙarshen babi na tara. Ban sake karanta shi ba, kuma na san ko za a yanka ni ba zan iya sake rubuta shi ba.

Ƙawata Kubra ce ta ce in kai wa Maman Bene. Samarin shagunan bugu na cikin gari, in ji ta, za su kashe miki Hausa, sannan su karanta sirrinki su yi ta dariya. Matar nan kuwa ta fi malaman makaranta iya rubutun Hausa, kuma ba ta karanta abin mutane. Haka ne ma. Hausarta ta baki irin ta Jos ce, in ranta ya ɓaci mace da namiji duk “kai” ne a wurinta, amma a takarda ba ka kama ta da kuskure ko na waƙafi. Ranar farko ta jujjuya littattafaina ta ce, “Yarinya, ki ji doka na. Mai bugu ba ya karatu. Ido ya gani, yatsa ya buga, zuciya ba ruwansa. Na buga saki, na buga mutuwa, ban taɓa ɗauka zuwa gida ba.”

Damina ce, ta shekarar 2004. Kullum da safe nakan hau acaɓa in tafi, in zauna a bencinta in yi shiru. Ban san wurin da na fi samun natsuwa a shekarun nan kamar shagon nan ba. Gajimare kan sauko ya kwanta a kan duwatsun bayan unguwa har su ɓace, su dawo, su sake ɓacewa. Ruwa na sauka a kwano, ita tana dukan madannan kwamfuta da ƙarfin da ta saba dukan tafireta, har ba ka rabe wace ƙara ce ta sama wace ce ta ƙasa. Idonta rabi a rufe, leɓenta na motsi kaɗan kaɗan. Teburi na rawa. Wani lokaci barci kan ɗauke ni a zaune, in ga Yaya Abdulfatah ya shigo a jiƙe yana karkaɗe hularsa, ya zauna kusa da ni yana jira a gama masa tasa takardar. In an ɗauke wuta sai ta gasa mana masara a kurfoti, mu ci muna kallon titi, kowa da wanda take hange.

A mako na biyu dokarta ta fara tsagewa. Tana cikin bugu sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, “Wannan Badruddeen, kullum yana ba ƙanwarsa naman miyarsa. Shi yana ƙoshi kuwa?”

Na ce, “Mama, ai kin ce ba kya karatu.”

“Ban karanta ba. Ya faɗo min a ido ne.”

Bayan kwana biyu ta ce yaron ya cika yawo ba rigar sanyi, ya kamata uwarsa ta yi masa faɗa. Wata rana kuma ta tsaya cak, ta yi dariya ita kaɗai, ta ce Bene ma haka yake taka bayan takalminsa ya mayar da shi silifa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Marubuciya ce ni, an kama mai karatu ta farko, kuma wadda ta rantse ba ta kamuwa.

Da ta gama ta fitar mini da shafukan a firinta ta ce in je in duba kurakurai. Na zauna a ɗakinmu na bi su layi layi, ina alfahari, har waƙafin da ya karkace sai da na gyara. Amma da na iso ƙarshen babi na tara sai na haɗa shafuka uku na juye su gaba ɗaya, na ci gaba daga babi na goma. Na ce a raina ai matar ba ta kuskure. Aka sa aikin a faifan fulofi, direban da ke kai wa babana kaya ya tafi da shi wata maɗaba'a a Kano.

Littafi ya fito a farkon 2005, da adireshin akwatin gidan waya na babana a bangon baya. Bayan wata ɗaya wasiƙu suka fara zuwa. Ta farko daga Bauchi, wata ɗaliba ce ke tambaya: “Anti Madina, ina Yaya Badruddeen ya shiga? Ya fita sayo burodi a babi na tara, a babi na goma kuma sai ga Ummi tana ninke rigunansa tana kuka. Ko nawa littafin ne ya yage?” Na ɗauko kwafina, karo na farko na buɗe wurin. Badruddeen ya taka bayan takalminsa, ya ce wa Ummi ta ajiye masa shayi, ya fita. Sai farin fili. Sai babi na goma. Shafin babu shi, a kwafi dubu.

Wallahi ban san lokacin da na isa Daɗin Kowa ba. Na shiga ko sallama babu, na buga littafin a kan teburinta har kofin shayi ya tuntsire. Na faɗi maganganu, wasu ma ba zan maimaita su ba. Na ce ta cuce ni, ta yanke wa littafina zuciya, shafin da na zubar da jinina a kai shi ta ga damar yarwa. Ta bar ni na gama. Sannan ta sa tsumma ta goge shayin, ta ce a hankali, “Na ba ka ka duba. Ka duba?”

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ta jawo jakarta ta fito da littafin waƙoƙin coci, ta buɗe tsakiya. Ga takardata nan a ninke, har da fil ɗin. Gefenta ya yi laushi saboda yawan taɓawa.

“Ban yar ba,” in ji ta. “Na zo wurin, yatsa ya ƙi. Sau uku ina gwadawa. Na ce bari gobe. Gobe ya zo, na ga idan ban buga ba, yaron nan yana hanya har yanzu. Ya je sayo burodi ne kawai. Ni zan sa hannu na in kashe shi?”

“Mama, ai ya riga ya mutu. Yayana ne. Na gan shi.”

“Kai ka gani!” Muryarta ta tashi, karo na farko tun da na san ta. “Ka ga ƙafa. Mamanka ya taɓa ƙafa. Ni me na taɓa?”

Na miƙa hannu in karɓi takardata. Ta mayar da ita cikin littafin waƙoƙin, ta rufe, ta rungume a ƙirji. Ta ce ba za ta bayar ba. In na kai wa wani zai buga, in an buga shi ke nan. Na tsaya ina kallon tsohuwa ta rungume mutuwar yayana kamar jariri, na rasa ko in fizge ko in durƙusa. Na fita ina kuka, acaɓa uku suka wuce ni ban tsayar da ko ɗaya ba.

Wata uku ban taka unguwar ba. A cikinsu littafin ya ƙare a kasuwa, mai maɗaba'a ya aiko cewa zai sake bugawa, in turo shafin da ya ɓace. Na zauna da biro ya fi sau goma, ko kalma ɗaya ba ta fito ba. Shafin guda ɗaya ne a duniya, yana cikin jakar matar da na rantse ba zan ƙara gaisarwa ba.

Wasiƙu kuwa ba su daina zuwa ba, sai dai sun sauya. Na Kano da Bauchi tambaya suke yi. Na Jos ba sa tambaya. Wani ya rubuto cewa haka ƙaninsa ya fita sayo kalanzir. Wata ta ce ba ta taɓa karanta littafin da ya faɗi gaskiya irin wannan ba, don haka abin yake, mutum ya fita, sai farin fili. Suna yaba mini a kan abin da ban yi ba, ina karantawa kunya na kama ni. Sai ga wata daga yarinya 'yar shekara goma sha huɗu, Dina, da rubutunta ƙanana a takardar lissafi. Ta ce babanta ya fita ranar Asabar ɗin makon rikicin. Ta ce har yau mamanta na zuba masa abinci ta rufe, da safe a ba kaji. Ta ce an hana ta kuka, wai kuka mugun fata ne, don haka sai ta shiga banɗakin makaranta ta yi abinta ta wanke fuska. A ƙarshe ta rubuta: “Ummi ta yi sa'a, an bar ta ta yi kuka a tsakar gida. Anti, don Allah a littafi na biyu ki faɗa mana yadda ake daina jira.”

Zan so in ce tausayi ne ya sa na kai wa Maman Bene wasiƙar nan. Ƙarya ne, neman rama ne. Na je na ajiye mata a kan teburi na ce, “Ga aikinki nan, ki karanta, tunda yanzu kin iya karatu.” Na juya zan fita sai na yi kiciɓis da Chundung a bakin ƙofa, ta taso daga aiki da farin takalminta, ta kawo wa uwarta abinci. Ta yi mini murmushi. Shekararta ashirin da shida, amma idonta na tsohuwa ne, busasshe ƙamas. Ban taɓa lura ba sai ranar.

Kwana tara bayan haka mai dankalin kusa da shagon ya zo har Katako da saƙo a baki: Maman Bene ta ce in zo da safe, kada in ci abinci.

Na same ta ta share shago, ta cire mayafin da take rufe kwamfuta, ta dafa gwate ta ajiye a gefe. An kwana ana ruwa, duwatsu duk sun shige cikin gajimare. Ba ta yi maganar wasiƙar ba. Ta ciro takardata ta miƙo mini, na sa hannu biyu na karɓa, ina tsammanin sallama ce. Sai ta gyara kujera, ta tokare teburi da gwiwa.

“Ido na ba zai iya ba,” ta ce. “Ki karanta, in buga. Ke ma ba ki taɓa karantawa ba, na sani. Mu biyu matsorata ne.”

Na buɗe takardar. Rubutuna ne, amma kamar na wata yarinya da na taɓa sani. Na fara karantawa da murya, tana bi na. Yadda aka shigo da shi a kan amalanken katako, an lulluɓe shi da babbar rigar Baba. Yadda rigar ba ta kai ba, ƙafafunsa suka fito, ɗaya da takalmi mai takakken baya, ɗaya babu. Tabon zarto a babban yatsa. Yadda Inna ba ta yi ihu ba, ta durƙusa ta kama ƙafar da hannu biyu tana murzawa, tana cewa, “Ku rufe masa ƙafa mana, yaron nan ba ya jure sanyi.”

A nan muryata ta ƙare. Ƙarar bugu ma ta tsaya. Muka zauna, ruwa na ɗiga daga indararo cikin bokiti. Can ta ce, “Ci gaba, 'yata. Saura layi huɗu.” Ta haddace shi ashe. Na ci gaba, ta buga har aya ta ƙarshe, ta adana aikin, ta zare fulofi ta ba ni. Sannan ta zuba mana gwate muka ci, yana da zafi da yakuwa, muna ci muna jan hanci.

Da zan tafi ta ce, “Babanki yana da katakon maɗaci mai kyau?”

Ranar Asabar Baba ya zo da kansa. Mutumin da tun rasuwar Yaya bai ƙetare unguwarmu ba in ba rumfa da masallaci ba, ya sa hula, ya ɗauko guntun maɗaci da zarto da guduma, muka shiga mota tare. Chundung ba ta da aiki ranar, tana zaune a waje kan turmi tana feraye dankali. Baba ya gaida su, ya tattare rigarsa, aka sauke kwamfuta, ya kwantar da teburin a ƙasa. Ya auna, ya yanke, ya feƙe. Maman Bene na tsaye a kansa da hannu a ƙirji.

“Malam,” ta ce, “ranar nan, da safe. Wani yaro dogo, jan riga, yana neman ƙafar teburi guda ɗaya. Ko ya zo rumfarka?”

Baba ya ajiye guduma. Na ga yana nema da gaske, yana bin rumfunan Katako ɗaya bayan ɗaya a cikin kansa. Na roƙi Allah a raina ya yi mata ƙarya, ya ce ya gan shi, yana dariya, ya sayi katako mai kyau. Amma Baba ba ya ƙarya ko a ciniki.

“Madam, ban gan shi ba,” ya ce. “Da na gan shi da na faɗa miki. Allah ya ba mu haƙuri, ni da ke.”

Ta ce, “Amin.” Ya cire tsohuwar ƙafar, ta karɓa ta naɗe a gefen zaninta. Ya kafa sabuwa, aka tayar da teburi, aka mayar da kwamfuta. Baba ya dafa shi da tafin hannu ya girgiza. Ko motsi.

Ta zauna. Ta buɗe sabon shafi, irin wanda ta buɗe wa ɗaruruwan mutane tun daga gindin mangwaro, ta buga a sama da manyan baƙaƙe: TSARIN JANA'IZA. A ƙasa, Benedict Pwajok. A ƙasa kuma 1984, da ɗan gajeren layi a gabansa. Sai yatsunta suka tsaya a sama. Na ga gwiwarta ta hagu ta ɗaga da kanta tana neman abin tokarewa, ta taɓa katako, ta jira ya motsa, bai motsa ba. Ta sauke ta a hankali.

“Madina, karanta min.”

“Mama, babu takarda.”

“Karanta dai. Ni ba na buga abu sai wanda aka ba ni.”

Na faɗa mata shekarar. Ta buga lambobin huɗu da yatsa ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, kamar ranar da akawu ya fara kiran ta ciki. Ta daɗe tana kallonsu. A waje wuƙar Chundung na ta aiki, ɓawon dankali na faɗawa cikin roba.

“Leƙa ki kira min yayarsa,” ta ce. “Ki ce ta bar dankalin nan ta zo. Ki ce na ce yanzu tana iya kuka.”